Makullin Rumfar da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya tashi a Zangon Agege ya san goro ba kuɗi hannu ake cinikinsa ba. 'Yar kasuwa ta kawo kaya daga Shagamu ko Ijebu, a zube a tsince, marsa gefe, minu gefe, a fitar da wanda sankara ta taɓa, a ɗaure huhu, mota ta ɗauka ta yi Arewa. Kuɗi kuwa sai an sayar a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, wani lokaci bayan sati uku, wani lokaci sai bayan Sallah. Tsakanin tashin mota da dawowar kuɗi babu abin da ke riƙe da kowa sai baki da littafi. Haka aka gada tun zamanin da layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka ajiye jakunan Gwanja suka koma hawa jirgi, kuma haka mahaifinmu ya bar mana rumfarsa, mu uku, da manyan littattafai da ya cika da ajami, da kuma Malam, akawun da ya ɗauka tun muna zuwa makarantar allo.

Wata damina ruwa ya shiga rumfa da dare, ya jiƙa littafi guda, tawada ta narke. Bashin da ke waɗannan shafuka wasu masu tsoron Allah sun zo sun faɗa da bakinsu, wasu kuwa har yau muna gaisawa da su a masallaci, ba su ce komai ba, mu ma ba mu ce ba. Shi ya sa da ɗan ƙanwarmu ya gama karatun kwamfuta a 2022 ya ce zai mai da mana lissafi cikin na'ura, ba mu yi gardama sosai ba. Muka tura shi kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya haɗo mana ta tebur, tsohuwar shigowa amma mai ƙarfi. Sai dai ya ce littafin ba a cikinta zai zauna ba. Wutar unguwar nan kun san halinta, ga ɓarayi, ga ruwa. Ya kama mana hayar wata kwamfuta a wani ɗakin ajiya can Turai, irin wadda suke kira saba, wadda ba ta mutuwa dare da rana, ana biyan hayarta wata-wata kamar shago. Mu dai mu buɗe shafi a rumfa mu rubuta, wakilinmu na Kano ya buɗe a wayarsa ya gani. Yayanmu Alhaji ya ce, "Wato yanzu muna da rumfa a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba." Aka yi dariya. Babu wanda ya tuna ya tambayi wa ke riƙe da makullinta.

Sai yaron ya tafi bautar ƙasa, aka jefa shi wani ƙauye a Taraba. Sai kuma ga canjin kuɗi a farkon 2023. Ba sai mun tuna wa kowa wannan ba: layi a banki tun asuba, masu POS suna sayar da naira da naira, mai kifi da mai tumatir kowa ya koma taransifa. Mu ma duk cinikinmu ya koma haka, kuma kowace taransifa sai Malam ya ɗauki hoton shaidarta ya liƙa a littafin, don kada gobe a ce.

Ranar wata Talata a watan Fabrairu shafin ya ƙi buɗewa. Fari fat, da 'yan kalmomin Turanci a sama. Kuma ranar ce wata Bayarabiya daga Shagamu, wadda ta fi shekara ashirin tana kawo wa mahaifinmu kaya, ta zo karɓar cikon kuɗinta. Mama muke ce mata. Ta faɗi abin da take bi, ƙaramin cikinmu ya ce a'a, ai an tura mata wani kaso makon jiya, shi da kansa ya tura. Ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce ta duba da kyau. Muryoyi suka fara tashi, maƙwabta suka fara leƙe. Mama ta ja kujera ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta ce da Hausarta mai daɗi, "Ku buɗe littafin babanku." Wallahi da mari ta yi mana da ya fi sauƙi.

Muka yi ta kiran yaron har la'asar kafin ya shiga. Ƙauyen da yake babu data ko kaɗan, kira ma sai ya hau wani dutse bayan makarantar da yake koyarwa. Zuwa Jalingo kuwa sai da kuɗin mota a hannu, shi kuma ba shi da ko sisi a takarda, kamar kowa a lokacin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ku za ku shiga da kanku. Ku ba Malam kujera, ku sa wayar a sifika."

Abin da ya sa muka sauke sunansa PuTTY. Manhaja ce 'yar ƙarama, kyauta, wani Bature a Ingila mai suna Simon Tatham ya fitar da ita tun 1999 kuma har yanzu yana kula da ita. Aikinta guda ne: ka zauna a gaban kwamfutarka ka ba wata kwamfuta da ke nesa umarni kamar kana gabanta, kuma duk abin da ya bi waya tsakaninku a rikiɗe yake, wanda ya tare hanya ba zai iya karantawa ba. Hanyar da take bi ana ce mata SSH. Daga baya yaron ya ba mu labarin asalinta, kuma labarin ya zauna mana, don irin namu ne. Kafin ita akwai wata hanya, telnet, wadda ke aika kalmar sirrin mutum a fili, kamar ka ba yaron mota kuɗi a buɗaɗɗiyar leda. A 1995 wasu suka laɓe a layin wata jami'a a Helsinki, ƙasar Finlan, suka yi ta kwashe kalmomin sirrin mutane. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ji haushi, ya zauna ya rubuta SSH, ya sake ta kyauta a shekarar. Ɓarawo dai shi ya koya wa maƙeri ƙirar kwaɗo.

Tun wurin saukewa muka kusa faɗawa rami. Malam ya rubuta sunan a Google, abu na farko da ya fito shafi ne mai kyau, da launi, da ƙaton maɓalli kore. Hannunsa har ya kai. Yaron ya ce, "Malam, don Allah tsaya, karanta min adireshin harafi-harafi." Ya karanta. Ya ce ba shi ba ne, wannan talla ce. Na gaskiyar adireshinsa dogo ne, akwai kalmar chiark a ciki, kuma shafin ba hoto ba ado, rubutu ne zalla kamar takardar kotu. Alhaji ya leƙa ya ce, "Anya? Wannan ai shafin talakawa ne, wancan ya fi kama da na kamfani." Yaron ya ce ai da haka ake kama mutane. An sha yin jabun PuTTY, a saya masa wuri a saman bincike, yana aiki daidai kamar na gaske, amma duk kalmar sirrin da ka rubuta yana aika wa mai shi. Mu da muka san yadda ake jera marsa a bakin huhu a cusa ruɓaɓɓe a ƙasa, ba mu buƙaci dogon bayani ba.

Saukewar ba ta ɗauki minti biyu ba, girkawar ma danna gaba ne, danna gaba. Ta buɗe wani ɗan akwati mai gurabe. A gurbin farko Malam ya rubuta lambar sabar, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, yaron yana faɗa muna maimaitawa. Kusa da shi akwai 22 a rubuce, ya ce a bar ta, lambar ƙofar SSH ke nan a duk duniya. Aka danna buɗewa.

Sai gargaɗi ya fito, dogo, da alamar tsoro. Ƙaramin namu ya ce shi ke nan mun ɓata abu. Yaron ya ce a'a, wannan shi ne wurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Manhajar cewa take yi: ban taɓa haɗuwa da wannan kwamfuta ba, ga hatimin da ta nuna min, ka tabbata ita ce? Kowace saba tana da hatiminta, jerin haruffa da lambobi da babu mai irinsa. Idan wani ya tsaya a tsakiyar hanya ya yi shigar sabarka, zai iya kwaikwayon komai ban da wannan. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya rubuta hatimin a bayan littafin darasinsa tun ranar da ya kama hayar. Malam ya karanto na allo, shi yana bi da na takarda, yana tsaye a kan dutse iska tana kaɗa maganarsa. Haruffa arba'in da 'yan kai, manya da ƙanana. Sau biyu kira ya yanke. Da suka kai ƙarshe ya ce, "Ita ce. Ku amince."

Baƙin allo ya buɗe, babu komai sai ɗan rubutu a kusurwa yana neman suna. Aka rubuta. Ya nemi kalmar sirri. Malam ya danna, ba abin da ya fito. Ya sake dannawa, shiru, ko tauraro babu. Muka ce allon rubutu ya mutu, har an aiki yaro aro a shagon maƙwabci. Ashe haka take: tana karɓa, ba ta nunawa, don kada na bayanka ya ƙirga yawan haruffan. Mun riga mun cusa mata shirme, ta ce ba ta yarda ba. A karo na uku Malam ya rubuta a makance, a hankali, ya danna shiga. Rubutu ya zubo. Muna Agege, ƙarar jirgin ƙasa tana shigowa ta taga, amma muna cikin rumfarmu ta Turai.

Umarnin farko shi ne df -h. Ya fito da ɗan jadawali, a layi guda an rubuta 100%. Yaron ya yi salati, sannan ya yi dariya. Rumbun ya cika maƙil. Shi ya tsara kowane dare sabar ta kwafi littafin gaba ɗaya ta ajiye, har da hotuna, bai kuma sa ta riƙa share tsofaffin ba. A da hotunan ba su da yawa. Da canjin kuɗi ya zo Malam ya riƙa liƙa shaidar taransifa ba ƙaƙƙautawa, kowane dare kwafin yana ƙara nauyi, har wuri ya ƙare, littafin ya rasa inda zai rubuta ko harafi ɗaya, ya tsaya. Maganin shi ne a share tsofaffin kwafi. Nan muryarsa ta canza. Ya ce umarnin sharewa, rm, ba shi da kwandon shara, ba ya tambayar ko ka tabbata, abin da ya tafi ya tafi. Kuskuren tazara guda zai iya cinye littafin kansa. Don haka kowane layi sai Malam ya rubuta, ɗayanmu ya karanta da ƙarfi, yaron ya ce to, sannan a danna. Ba mu taɓa ganin gumi a goshin Malam irin na ranar ba, mutumin da ke ƙirga miliyoyi yana taunar goro.

Aka share, aka ba sabar umarnin ta kashe kanta ta tashi. Baƙin allon ya ce haɗi ya yanke. Minti guda babu mai magana. Sannan Malam ya buɗe shafin littafi, sai ga shi.

Mama ce da gaskiya. An tura kuɗin, amma bayan kwana biyu banki ya dawo da su, irin abin da ya yi ta faruwa a watannin nan, kuma Malam ya rubuta dawowar a ranar, ƙaramin namu ne bai gani ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ba ta haƙuri. Ta ce babansu ma ya taɓa yi mata haka, amma shi bai ɗaga murya ba. Aka sake turawa, ta zauna har sai da wayarta ta yi ƙara, sannan ta tashi ta nemi motar Shagamu da magariba.

Da yaron ya zo hutun ƙaramar Sallah, abin da ya fara yi shi ne canza kalmar sirrin da ya faɗa a sifika gaban rabin kasuwa. Sannan ya buɗe mana wani fayil a sabar inda take rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Muka ga layi ɗaruruwa, dare da rana, daga ƙasashen da ba mu san kowa ba, ana gwada suna root, ana gwada admin, ana cankar kalmar sirri. Alhaji ya ce, "Su wa muka yi wa laifi?" Ya ce babu. Na'urori ne aka saki suna bin duk ƙofa mai lamba 22 a duniya suna murɗawa, kamar ɓarawon da ke bin layi da dare yana taɓa kowane kwaɗo, ba ruwansa da mai shago. Tunda haka ne, in ji shi, a daina kalmar sirri gaba ɗaya, a koma makulli.

Tare da PuTTY akwai ƙanwarta, PuTTYgen, ita ke ƙera makullin. Ka danna, ta ce ka yi ta yawo da linzamin kwamfuta a kan fili, don daga hargitsin hannunka take samo abin da babu mai iya canka. Alhaji ya yi nasa yana cewa wannan ai bugun ƙasa ne. Abin da ke fitowa biyu ne, kuma a nan ne yawancin mutane ke rikicewa, mu ma sai da ya maimaita mana. Ɗaya kamar kwaɗo ne: layi guda na rubutu, shi ake kai wa saba a liƙa a wani fayil, kuma ko duniya ta gan shi babu komai. Ɗayan shi ne ɗan makullin, fayil mai ƙarewa da ppk, shi kuwa ba ya barin kwamfutarka har abada. Ko lokacin shiga ba a aika shi. Kwamfutarka tana sa hannu da shi a kan wani saƙo, sabar ta gwada sa hannun da kwaɗon da ke wurinta, in ya dace ta buɗe. Sannan shi kansa fayil ɗin ana rufe shi da wata doguwar jimla, don ko an sace kwamfutar ɓarawo ya samu aiki.

Mu da dabararmu muka ce a ƙera ɗaya a zuba a filash kowa ya kwafa. Ya ce, "Kawu, ashe in mutum ɗaya ya jefar da nasa sai a canza wa kowa ke nan." Kowa da nasa. Fayil ɗin sabar ya zama layi biyar: mu uku, shi, da Malam, kowane layi da sunan mai shi a ƙarshe. Ya rufe ƙofar kalmar sirri, ya gyara sharar tsofaffin kwafi, ya rubuta mana umarni shida a kwali ya manna a bango kusa da kalandar masallaci. Ya ce sabuwar Windows ma tun 2018 tana zuwa da SSH a cikinta ba sai an sauke komai ba, amma mu mun saba da akwatinmu, muka ce a bar mu.

Gaskiya cikinmu Malam ne kawai ya iya abin sosai. Mu sai dole. Shi kuwa har ya koyi wata manhajar, WinSCP, mai amfani da makulli iri ɗaya, duk Juma'a bayan masallaci yana jawo kwafin littafin ya zuba a filash ya ba Alhaji ya kai gida. Saboda yakan yi aiki da dare, makullinsa yana kan kwamfutar cinyarsa a gidansa can wajen Dopemu. Shi ne kuma ya tsare mu ranar da gargaɗi na biyu ya fito, wanda ya fi na farko zafi, yana cewa hatimin sabar ya canza. Alhaji yana sauri, mota tana jira, ya ce a danna amincewa kawai. Malam ya janye hannunsa daga tebur ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, in baƙo ya zo da fuskar wakilinmu amma muryarsa ta canza, ba na ba shi kaya." Aka kira yaron. Ashe shi ne ya ƙaura da mu zuwa sabuwar saba ya manta bai faɗa ba. Ya karanto sabon hatimi, aka gwada, sannan aka shiga. Motar ta yi lattin awa guda, Alhaji ya yi ta mita, amma bai sake cewa a danna kawai ba.

Bara Malam ya bar mu. Ba za mu shiga dalilin ba a nan, don wasu masu karanta wannan sun sani, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ba kuma namu ba ne mu kaɗai. Magana ce ta haɗa shi da ƙaraminmu, aka sasanta, amma ya ce ya ga lokaci ya yi da zai kama rumfar kansa. Ranar da zai tafi ya ajiye makullan rumfa a kan tebur, na ƙofa da na durowa, aka yi addu'a, aka rabu lafiya.

Bayan kwana biyu yaron ya kira daga Abuja, inda yake aiki yanzu, ya ce a cire layin Malam. Alhaji ya ce ba za a cire ba. Ya ce mutumin da mahaifinmu ya ɗauka, wanda ya wanke gawarsa tare da mu, ba shi za a rufe wa ƙofa kamar ɓarawo ba. Yaron ya ce, "Kawu, ba Malam nake tsoro ba. Kwamfutar nan 'ya'yansa suna kallo a kanta, ana iya sace ta a danfo, ana iya kai ta gyara." Alhaji ya ce ya ji, amma a'a. Ƙaramin namu bai ce uffan ba, don ya san duk abin da ya faɗa za a fassara shi. Mu ma a zuciya mun rabu biyu. Mun san yaron yana da gaskiya. Amma Malam yanzu goro yake sayarwa layi biyu daga namu, kuma duk wanda ya ji an cire shi zai ce tsoro muke kada ya leƙa farashinmu da sunayen masu kawo mana kaya. A Zango irin wannan magana ba ta kwana. Sati uku layin yana nan, babu mai taɓa shi, babu mai son a tayar da zancen.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, sai ga Malam da kwamfutarsa a hammata. Ya gaisa da kowa, har ƙaramin. Ya ce, "Alhaji, na mayar da makulli biyu, saura ɗaya. Na zaci za ku cire, na gwada jiya na ga har yanzu yana buɗewa." Alhaji ya ce a bar shi, ai gida ne. Malam ya ce, "A'a. In gobe wani abu ya taɓa littafin nan, ina so ya zamana ba ni da hanyar shiga, kowa kuma ya san ba ni da ita."

Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ce Alhaji ya shiga da nasa makullin. Alhaji ya rubuta jimlarsa da yatsa ɗaya. Malam ya buɗe fayil ɗin, layi biyar suka fito, ya sauko kan na ƙarshe mai sunansa, ya ce mu karanta da ƙarfi kamar yadda aka saba. Muka karanta. Ya share, ya adana. Sannan ya buɗe tasa kwamfutar a gabanmu ya gwada shiga, baƙin allo ya ce sabar ta ƙi makullin. Ya juyo da ita kowa ya gani.

Alhaji ya miƙa hannu cikin kwando ya zaɓo farar marsa guda biyu ya ba shi. Malam ya fasa ɗaya, ya miƙa wa ƙaramin namu rabi, ya tambaya wa zai riƙa jawo kwafin Juma'a yanzu. Muka kalli juna. Ya ja kujera gefe, ya ce wa ƙaramin, "Zo ka zauna in nuna maka."